Ranar da Na Wanke Tulun Inna

Shekarun baya na wanke tulun giyar mahaifiyata, saura kaɗan mu rasa geron shekara saboda haka.

Mu Maguzawa ne, gidanmu na bayan Zakirai. Shekarar da mahara suka sauko daga arewa suka tafi da mahaifina da wana, ni da Inna muka rage. Damina ta zo, ciyawa ta fi gero tsawo, ni kuwa hannuna biyu ne. Sai na kira gayya. A wurinmu maza kan fara leƙa randa. In ba giya, su saɓa fartanya su koma gida.

Inna ce gwanar giya a unguwarmu. Ana saura kwana huɗu gayya ta zame a bakin rijiya, ƙafa ta kumbura. Tana kwance a tabarma tana ba ni umarni. Dawar ta riga ta tsira, an shanya ta bushe. Na niƙa, na dafa, na tace, na sake dafawa, ni da ban taɓa riƙe muciya ba. Ƙanshi ya cika gida, ina ta washe baki kamar na kashe kura.

Sai na ɗauko tulun da giyar ke kwana a ciki. Cikinsa baƙi ƙirin, wani abu ya manne yana tsami. Na ce a raina, mata dai! Na sa yashi na dirje shi tas, na zuba, na rufe.

Washegari shiru. Ba kumfa, ba motsi.

Inna ta ce, "Ɗan nan, matso da tulun." Ta sa hanci. "Me ka yi masa?"

"Wankewa."

"Wankewa! Tun kakarka ba a taɓa dirje tulun nan ba. Abin da ka kankare shi ke tayar da giyar. Kunu ka dama wa maza."

Gayya kuma gobe. Na kama hanyar gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, can ƙetaren fadama.

"Gwaggo, aron tulu na zo."

"Ina na uwarka?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Da me ka wanke?" Na ce da yashi. Sai ta kira maƙwabta su zo su ji da kunnensu. Da suka gama dariya ta miƙo mini nata. "Ɗora a ka. In ka wanke wannan, kai zan dirje da yashi."

Na yi gammo na ɗauka. Duk gonar da na ratsa sai an ɗago. "Sannu da aiki, uwar gida!" Na ƙara sauri. Rana tsaka na iso na juye. Da yamma na kara kunne, na ji giyar tana 'yar ƙara a ciki. Gari na wayewa kumfa ta ture faifan da na rufe da shi, tana gangarowa ta wuyan tulu. Na yi ihun da ya watsa kaji.

Na ɗauko wuƙa zan yanka akuyarmu, ita kaɗai gare mu. Inna ta ɗanɗana giyar a ludayi ta ce, "Bar akuyar nan. Nama sai giya mai kwana uku, mai tsami, ita ke yanke maiƙo. Wannan jaririya ce, zaƙi gare ta, wake take so." Na dafa wake da kanwa, na daka barkono da daddawa da gishiri na barbaɗa.

Maza suka zo, har da waɗanda ban kira ba, wai su ga mutumin da ya wanke tulu. Barkono ya ƙona baki, giya ta sanyaya, hannu ya koma akushi. Da yake ba ta yi ƙarfi ba, ba wanda ya kwanta a gindin tsamiya kamar yadda aka saba. Mai ganga na kaɗawa, fartanya na tashi. Kafin la'asar an gama gero, aka faɗa wa gyaɗa. Wani tsoho ya lashe ƙwarya ya ce, "Kai, baɗi ma ka wanke."

Rumbu ya cika a shekarar. Tun daga nan, abin da na tarar manya sun bari da dauɗarsa sai na tambaya kafin in sa masa hannu.

Inna ta rasu, Gwaggo ma. Ina nan gidan dai, gonar na hannuna, jikokin akuyar sun cika turke. Tulun ya sake baƙi, yana ɗakin matata. An hana ni taɓa shi.