Garkar Baba a fuskar ordinatar

Ordinatar ɗin shagonmu na hoto a Agadas, wato kwamfutar, na hannu ne. Maigidana ya saye shi wurin wani mai yawo da baƙi cikin hamada, da baƙin suka daina zuwa. Shekarar da soja suka karɓi mulki ciniki ya ja baya, maigidan nawa ya bi motocin masu haƙar zinariya zuwa Tchibarakaten, ya bar mini shagon.

Injin yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. In an kunna shi, lojisiyel biyu, wato manhajoji masu daidaita launin gilashin injin, ke tashi. Na tsohon mai shi ke riga, ya zuba kore a kan komai. Sai an jima namu ya farka ya maido da launi daidai. Wani lokacin namu ya yi nauyin barci, in gyara hoton katin shaida a kan launin ƙarya, in wanke, mutum ya fito da fuska kamar mai shawara. Takardar hoto kuwa ta yi tsada tun da aka rufe iyaka.

A wannan shekarar Baba ya sauko daga duwatsun Abzin. Rijiyar garkarsa, wato lambunsa, ta ƙafe, albasa ta ƙone, rumman ya bi. Mutumin da bai taɓa wuni a zaune ba ya dawo yana rako ni shago kowace safiya, da butar shayinsa. Kujera ɗaya yake zama, wadda ke kallon gilashin. Hoton da ke shimfiɗe a fuskar injin na garkarsa ne, ni na ɗauka a wata shekara mai dama-dama. In aka ɗauke wuta kowa na tsaki, shi kaɗai ke gyara zama yana jiran a sake kunnawa, ya ga garkarsa ta yi kore shar. Na sha tsokanarsa cewa shi da masu wutar bakinsu ɗaya.

Ranar da na ɓata hotunan wata amarya, raina ya ɓaci. Na shiga inda ake zaɓen abin da zai tashi tare da injin, na cire tsohon lojisiyel ɗin. Na ji daɗi har raina.

Da safe na kunna. Garkar ta fito da launinta na gaskiya, kore mai ƙura, dabinon ya yi fari-fari. Baba ya riƙe kofinsa yana jira. Ya daɗe yana jira.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "ita ma ta bushe?"

Tausayinsa ya kama ni. Na buɗe baki zan yi masa bayanin launi, sai na fasa.

"A'a, Baba. Injin ne bai gama tashi ba."

Na maido da tsohon a wurinsa, na cire namu daga tashin safe. Tun daga ranar da hannu nake kunna namu, bayan Baba ya shanye shayinsa ya ce, "To, kama aikinki."

Bai koma Abzin ba, a nan muka rufe shi kafin ruwa ya dawo. Har yau in na kunna injin, nakan zauna a kujerarsa in jira. Babu mai ce mini in kama aikina, saboda haka wani lokacin garkar takan kai hantsi tana kore.