Giris ɗin da Na Shafa wa Tulun Raelene

Taubashiyata Raelene Tuckwell, 'yar kawuna Merv mai facin taya a garin Dapto, kunnuwanta aka fara haifa, sauran jikin daga baya ya biyo. Tana shekara tara take gaya wa direba tayarsa na yoyo tun bai karyo kwanar layinmu ba. Ni kuwa makaranta ta gaji da ni, na koma gyaran tarakta.

Shekara talatin ta yi a wani ƙaramin shagon ƙira tana haɗa tulun iska mai fistin. Na ƙarshen shi ne gagarau, wanda zai riƙe sandar da ke kwantar da wutar injin nukiliyar da ake haɗa maganin ciwon daji a cikinsa. Can ƙasa a cikin injin, tururin nukiliya cinye roba yake yi, ya haukata wayar lantarki, amma iska ko a jikinta. Muddin tulun na cike, sanda na rataye. Aka saki iskar, sanda ta faɗa, wuta ta kwanta.

"Iska?" na ce mata. "Wadda muke hura wa ƙwallo?"

"Ita fa, Col. Wadda ta cika maka kai."

Shekara uku tana kan tulun nan. Ranar gwaji masu dubawa za su zo ƙarfe sha ɗaya. In ya faɗi, daga ƙetare za a sayo wani, ita kuma ƙarshen wata za ta ajiye aiki hannu wofi. Motarta ta ƙi tashi, na kai ta shagon a akori-kurata da sassafe.

Ta shiga dafa shayi, na tsaya ina kallon abin. Sai na ga ƙarfen fistin ƙayau, ba ɗigon mai. To mu a gidanmu busasshen ƙarfe abin kunya ne, Kawu Merv har keken jarirai yake shafa wa giris. Na ɗauko gwangwanin giris ɗina a mota, na shafe fistin ɗin, na yi wa 'yar'uwa alheri.

Ta dawo da kofi a hannu, ta murɗa makunni don ta ji lafiyarsa. Sanda ta faɗa. Ni ban ji komai ba sai daɗi. Ita kuwa ta ajiye kofin a hankali.

"Jiya 'tak' yake cewa. Yau ya ce 'tuf'. Col, nuna min hannunka."

Na cusa shi a aljihu.

"Kai, ɗan baƙin mai! Giris in ya sha tururin can, ƙaro yake zama! Wata shida, a saki iska sanda ta maƙale, wa zai shiga ya turo ta? Kai?"

Ban taɓa ganin hannu irin na ranar ba. Ta warware tulun guntu arba'in da ɗaya, ni dai dubu na gani, ta wanke kowane, ta mayar ba ta leƙa takarda ba. Ni aikina riƙe tire da yin shiru. Tana ɗaure ƙusa ta ƙarshe, masu dubawa na sallama.

Sau hamsin suka saki iska. Tak. Tak. Tak. Raelene idonta a rufe, tana gyaɗa kai kamar mai jin waƙa. Babbansu ya dubi agogonsa, ya sa hannu a takarda.

Bayan an ɗaura tulun a injin, ta samo mini izinin baƙo, da sharaɗin a caje aljihuna. Muka leƙa ramin ruwan da injin ke ciki daga sama. Wani haske shuɗi ke fitowa daga ƙasa, shiru, ba hayaƙi, ba ƙara. Wuta a cikin ruwa, jama'a! Kuma abin da ke riƙe da linzaminta iska ce, cikin tulun da 'yar mai facin taya ta ƙera.

Ƙofar gidanta na kukan ƙiiii don rashin mai, shekara biyu ke nan. Ina wucewa da hannuna a aljihu.