Kazar ɗori da gwanar zamiya ta Kanada

Shekarun baya, saura kamar shekara biyu Turawa su miƙa mulki, ina 'yar shekara goma sha ɗaya a elemantare a nan Potiskum. Akwai wata nas 'yar Kanada da kan zo duba mana ido. Ran nan ta shigo da mujalla, bakinta har kunne, ta nuna mana hoton wata 'yar ƙasarsu a tsaye kan dogayen katako biyu, tana gangarowa daga kan dutse fari fat da dusar ƙanƙara. Ta ce matar tun tana 'yar mitsitsiya take wannan zamiya, kuma a bana ta kayar da matan Turai a gasar duniya, har sau biyu. Wai gudunta ya fi na motar Kano.

Ni kuwa da ma ba a nuna min abu in bar shi. Bayan unguwar Bolewa akwai kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, an yi ruwa, gangarensa sai santsi. Na ɓalle katako biyu daga tsohon ƙyauren mahaifina, na ja ƙanena ɗan shekara bakwai muka tafi. Da na leƙa gangaren sai jarumtar ta gudu, na ɗaura masa katakon da igiyar kaba na ce ya fara. Bai kai rabi ba ya wuntsila. Ƙarar ƙashin nan har yau tana kunnena.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙaurin da karare. Sai ya ce a kamo kaza, ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗora. Ya ce tare za su warke, ranar da ta taka shi ma zai taka. Ni aka ba kiwonta, tunda ni na jawo.

Ban taɓa tattalin wani abu kamar kazar nan ba. Tuwona nake gutsura mata. In ta yi shiru gabana ya faɗi, in ƙanena ya yi nishi in ruga akurki. Kwana tara, na dawo daga makaranta na tarar babu ita. Na duba bayan rumbu, na leƙa rijiya, na bi maƙwabta da dabara. Na tabbata muzuru ya ɗauke ta, ƙanena ba zai sake takawa ba, kuma ni na gurgunta shi sau biyu. Na ɓoye maganar. Kwana uku ban ci abincin kirki ba.

Mahaifiyata ce ta ritsa ni a madafi, na fashe da kuka na faɗa mata. Sai ta ce:

"Ke, ni na sa aka yanka ta. Yaro ba ya cin komai, in zuba wa kaza ido? Romonta ya sha. Ƙafar ɗana a hannun Allah take."

Bayan wata biyu ya taka, amma da ɗan ɗingishi, kuma da shi ya tsufa. Shi dariya yake yi, ya ce shi kaɗai ne ɗan Potiskum da ya taɓa shiga tseren ƙanƙara.

Na girma, na yi karatu, na san kaza ba ta ɗora ƙashi. Na kuma koyi kada in tura wani abin da ni kaina nake tsoro. Amma duk Juma'ar da na hango ƙanena ya nufi masallaci yana jan ƙafar nan, sai na kau da kai.