Ranar da Muka Ƙirga Haƙarƙarin Kakanku

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma kada ku jira dariya a ƙarshenta. Ke mai biro, rubuta yadda na faɗa, ni ban taɓa zama a aji ba.

Kakanku mahauci ne a Kasuwar Kilomita Biyar. Tari ya kama shi ya ƙi saki, har wando ya fara zame masa daga ƙugu. Ranar Laraba ya je asibiti cikin gari, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ba shi cikin ambulan, aka ce ya kai wa likita ranar Juma'a da safe.

Muna da maƙwabciya a unguwar Kokoro, Kirista, mai sayar da garin rogo. Da yaren Sango muke hira, ita ta riƙe ni ranar da na haifi uwarku. Ta sha gaya mana cewa a littafinsu na coci, Allah ya sa mutumin farko barci, ya zare ƙashin haƙarƙarinsa ɗaya ya yi mace da shi. Don haka, in ji ta, kowane namiji ƙashinsa bai cika ba. Na taɓa jin makamancin haka a bakin malamanmu, sai na bi bayanta. Kakanku ne ya ƙi.

Ran nan ya ce mata, "Mama, na feɗe rago, na feɗe tunkiya, ƙashin nan daidai yake."

Ta ce, "Alhaji, rago aka ce maka an sa barci? Kawo hoton nan mu gani!"

Muka ɗaga shi saitin rana a tsakar gida. Ni na ƙirga goma sha ɗaya, ita goma, muka sake, lissafi ya sake rikicewa. Yana dariya yana tari ya ce, "Ku ƙirga da kyau. In ɗaya ya ɓata, ku biyun nan zan kama."

Can sama ta dama akwai wani abu fari kamar gajimare. Ta taɓa shi ta ce, "'Yar'uwa, kin ga cikin mijinki fari tas." Na ji daɗi. Mutumin da kallo ɗaya yake yi wa huhun saniya ya san mai ciwo ce, bai gane nasa ba.

Sai ta roƙa a ara mata hoton zuwa Lahadi, ta nuna wa matan cocinsu, don akwai masu ido a cikinsu. Kakanku ya ce, "Likita fa Juma'a ya ce."

Rubuta wannan da kyau. Ni ce na ce, "Haba Malam, Litinin ma rana ce."

Lahadi ta tafi da shi coci. Kafin la'asar harbi ya tashi, faɗa ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista. Ba ta dawo ba, danginta suka bi ta, mu kuma aka rufe mu cikin unguwa. Musulmi bai isa ya wuce ƙarshen Titin Koudoukou ba, balle asibiti. Na dafa masa duk saiwar da na sani. Tari ya koma jini. Da damina ya rasu, kansa a cinyata, bai taɓa ce mini "ke ce" ba.

Bayan hanya ta buɗe, wata safiya na ji sallama. Maƙwabciyata ce, ta rame, tare da 'yarta da ta zama nas. Ambulan ɗin na cikin leda, duk gudun da ta yi bai rabu da ita ba. 'Yar ta ɗaga hoton a daidai inda muka tsaya.

Ta ce, "Goma sha biyu nan, goma sha biyu nan. Na mace ma haka."

Uwar ta ce, "To littafin fa?"

"Mama, na karanta wurin. Na mutum ɗaya aka ce an cire, ba a ce 'ya'yansa za su gaji rashin ba. Wanda wuƙa ta cire wa yatsa, da yatsu cikakku ake haifar masa yara. Mutane ne suka ƙara wannan, lokacin ba su da abin leƙa cikin jiki."

Na nuna wa 'yar farin gajimaren. Ta ce tarin fuka ne. Da likita ya gani, ƙwayoyi zai ba shi na wata shida.

Na ce, "Da ya warke?"

Ta sunkuyar da kai. "Da yawa suna warkewa, Hajiya."

Maƙwabciyata ta zube ƙasa ta riƙe ƙafata. Na ɗaga ta. Me zan yafe mata, alhali da bakina na ce Litinin?

Ita ta koma ƙauyensu, shekara biyu aka aiko ta rasu. 'Yarta tana aikin asibiti har yau, duk azumi takan kawo mini sukari, kuma ita ta duba ƙirjin uwarku sa'ad da ta yi tari. Teburin kakanku na kasuwa kawunku ne a kai. Ni kuwa ga ni. Hoton yana ƙasan akwatina, kuma tun ranar ban ƙara ɗaga shi ga rana ba.