Yadda Gidan Umma Ya Hau Ajin Farko

Akwai abubuwan da shekaru ke gogewa daga kan mutum ko bai so ba, amma wannan kam, ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zai bar ni. Shi ne lokacin da aka ɗauki gidan mahaifiyata da ke unguwar Waziriyya a Jidda aka saka shi a ajin farko, ajin gidajen masu hali, ni kuma na ce sai na ga abin da ya kai shi can.

Gidajen layinmu ba namu ba ne, na waƙafi ne. Wani bawan Allah ne tun zamanin kakanni ya bar su domin zuriyar alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna a Jidda. Ba haya ake biya irin ta kasuwa ba, wani kuɗi ne na shekara, kuma yawansa ya danganta da ajin da aka sa gida. Duk bayan wasu shekaru masu kula da waƙafin kan turo mai kimantawa ya zagaya, ya dubi bango da rufi da ɗakuna, ya ce wannan ajin farko, wannan na biyu, wannan na uku. Tun da na yi wayo gidanmu yana aji na uku kamar kowane gida a layin, kuma ba mu taɓa jin haushi ba, domin shi ne daidai aljihunmu.

A lokacin na yi aure ina unguwar Mahjar da yarana. Tun rasuwar mahaifinmu Umma ke zaune ita kaɗai, kuma ni ce mai kula da takardunta, daga iƙama, wato takardar izinin zama, har kuɗin wuta, don haka a wayata saƙon sabon ajin ya shigo. Da na karanta dariya na fara yi. Gidan Umma, ajin farko? Amma da na dubi sabon kuɗin sai dariyar ta tsaya, domin ko ni da ƙanena mun haɗa abin da muke samu ba za mu iya ɗaukarsa ba. Ma'anarsa a fili take: Umma za ta bar gidan da aka kawo ta tana amarya, ta bar matan da ta tsufa a cikinsu.

Na kira ta nan take. Abin da ta ce shi ya fara tayar mini da ƙwaƙƙwafi.

"Haka Allah ya so, ya binti. Ya jikin ƙaramin ɗanki, zazzaɓin ya sauka?"

Umma fa! Matar da za ta tsaya ta yi ciniki a kan ƙullin na'ana'a har mai sayarwa ya gaji ya ƙara mata. Ita ce aka ninka wa kuɗin gida ta ce haka Allah ya so, ta koma zancen zazzaɓi? Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, ba na iya barci a kan abin da ban gane ba. Mijina har tsokanata yake yi wai da ni namiji ce da tuni an ɗauke ni aikin bincike. A gaskiya a ranar son sanin dalili ya fi tsoron kuɗin ƙarfi a raina.

Washegari na tafi ofishin masu kula da waƙafin. Wani matashi ne a kan tebur, mai haƙuri, ya nemo bayanin gidan ya karanto mini da Larabci: majalisi biyu na karɓar baƙi, bango sabo babu tsaga, rufi lafiyayye, mukayyif a kowane ɗaki. Mukayyif shi ne na'urar sanyaya ɗaki, kuma ni dai guda na sani a gidanmu, tsoho mai ƙara kamar injin markaɗe.

Na ce, "Gidan wa kake karanto mini?"

Ya maimaita lambar gidan, tamu ce. Ya ce, "Ya ukhti, mai kimantawa abin da idonsa ya gani yake rubutawa. In ba ki yarda ba ki shigar da i'itirad, a turo wani ya sake dubawa."

Na shigar da ƙorafin a take, na fito kaina ya ƙara ɗaurewa. Majalisi biyu? Falo ɗaya ne a gidan, a nan aka yi goyona. Ko dai mutumin gidan wani ya shiga, ko kuwa gidan ya haihu ban sani ba.

Maimakon in shiga wajen Umma, sai na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Gidan Khala ne, wata Bahaushiyar Sudan, aminiyar Umma tun suna amare, mace mai murya wadda ba ta iya ajiye magana a ciki. Bayan mun gaisa na ce, "Khala, ranar da mai kimantawa ya zo gidanmu kina nan?"

Ta daki ƙirji. "Ina nan? Ai ni na tsaya a kan aikin! Wallahi ya binti, mun fitar da uwarki kunya. Mutumin nan yana shiga ya ce masha Allah, yana fita ya ce masha Allah."

Ta gyara zama ta ba ni labari, tana yi tana jin daɗi. Ana gobe zai zo matan layin suka taru. Wannan ta kawo kafet, waccan ta kawo labule mai nauyi daga sama har ƙasa, aka zagaye bango da shi, inda labule bai kai ba aka shafa fenti. Tsakar gida kuwa aka ɗaura mata rumfar yadi irin ta biki, aka shimfiɗa darduma, aka jera matasai, shi ne majalisi na biyu. Aka samo matattun mukayyif daga wajen wani mai gyara aka rataya a bango, ba waya ba komai. Ɗakin ciki ma aka yi masa rufin yadi fari tas.

"Har turare na ba da, na Sudan, wanda nake ɓoyo," in ji ta.

Sai a lokacin na gane, kuma na ji kamar in yi dariya in yi kuka. Wannan al'ada ce da na tashi na tarar a layinmu. In masu neman aure za su zo, ko dangi daga Najeriya sun zo Umra za su biyo, to gidan da za a sauka ba ya tsayawa da kayansa kaɗai. Kowa ya kawo abin da ya fi kyau a ɗakinsa, baƙi su tafi, kaya su koma. Ni kaina da aka zo neman aurena, kujerun da dangin mijina suka zauna a kai na gida uku ne daban-daban. Ba ƙarya muke ɗaukar abin ba, rufin asiri ne. Ban dai taɓa zaton za a yi wa mai kimantawa ba.

Na ce, "To Khala, ku me ya sa ba ku yi wa naku gidajen ba?"

"Mu ai muna da maza a gida. Ita kuwa ita kaɗai ce. In ya ga gidan ya lalace, ya je ya ce tsohuwa ta kasa riƙe amana, a karɓe fa?"

Da na faɗa mata ajin da aka sa gidan da abin da zai biyo baya, sai Khala ta dafe kai. Can ta ce, "Inna lillahi. Yanzu mu muka yi mata wannan da hannunmu?" Ashe Umma ba ta gaya wa kowa ba.

Na tsallaka gida. Umma tana falo, ta tarbe ni da fara'a kamar kullum, amma ina cewa na shigar da ƙorafi za a turo wani ya sake dubawa, sai ta sha kunu.

"Wa ya aike ki?"

"Umma, so nake ya ga gidan yadda yake. Ba labule, ba rumfa."

"Aibu! Baƙo ya shigo gidana ya ga tsiraicinsa? Ubanki bai taɓa bari ba, ni ma ba zan bari ba. Gara in kwashe kayana in fita da mutuncina."

Muka kai ruwa rana. Na lallashe ta, na yi mata bayanin cewa ba wanda zai karɓe gida don ya tsufa, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Da na rasa ta yi sai na ce, "To in kin fita ina za ki? Ƙanena ɗaki ɗaya gare shi da matarsa. Sai dai ki taho Mahjar, ki zauna a gidan surukinki, ki riƙa haɗuwa da shi a ƙofar banɗaki."

Ta dube ni kamar na mare ta. Na san na taɓa inda ke ciwo, kuma ban ji daɗin faɗa ba, amma na san kunyar suruki ta fi kunyar baƙo nauyi a wajenta. Ta daɗe tana murza carbi kafin ta ce, "Halas. Ki yi abin da kika ga dama."

Ranar da aka sa, tun da hantsi na iso. Abin dariya, labari ya zaga cewa baƙo zai sake zuwa gidan Hajja, sai ga mata sun fara fitowa da kaya yadda suka saba. Khala ce ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya, tana cewa, "Yalla, kowa ta mayar da kayanta! Yau tsiya muke nunawa!" Wata ta tsaya da labule a kafaɗa tana tambaya ko Khala ta samu taɓin hankali ne.

Mai kimantawar na biyu dattijo ne mai sanyin magana. Umma ta kawo masa gahawa da dabino, wannan kam ban isa in hana ba. Ya dubi falo, ya taɓa bango inda sabon fenti ya fara kumbura. Ya fita tsakar gida ya ɗaga kai ya ga sama, ya ce, "Ina majalisi na biyun?" Khala ta amsa daga ƙofa, "Ya koma gidajen masu shi." Ya murmusa, ya rubuta. Ni a raina na ce shi ke nan, na warware abin da ya ɗaure mini kai, saura a tashi.

Sai ya nuna ɗakin ciki, ɗakin kwanan Umma, ya nemi a buɗe.

Umma ba ta motsa ba. Na ce, "Umma, makulli." Sai a lokacin na lura ɗakin a kulle yake, kuma na kasa tuna yaushe rabona da shigarsa. Ta kwance makullin daga bakin mayafinta, ta miƙa mini ba ta dube ni ba.

Warin danshi ne ya fara bugun hancina. Gishiri ya ci bango har zuwa ƙugu, ya yi fari yana zuba. Na ɗaga kai, sai ga rufin ya ɓantare, rodi a waje sun yi tsatsa. A kan gadon Umma, daidai inda take sa kai, ga wani ƙaton ɓangaren siminti a zaune, ya lotsa katifa. Na dafa ƙofa.

Dattijon ya daina rubutu. Ya ce, "Ya Hajja, a nan kike kwana?"

"A'a. Tun da ya faɗo na koma kicin, ina shimfiɗa tabarma. Allah ya sa ina alwala ya faɗo."

"Yaushe ke nan?"

"Tun ruwan bara waccan."

Bara waccan! Ni da nake zuwa kusan kowace Juma'a, ni da nake taƙama ba abin da ke wuce ni. Na juya na ce, "Umma, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta gyara mayafi ta ce, a hankali kamar mai ba da haƙuri, "Ke ma ai baƙuwa ce yanzu, ya binti. Kina da naki nauyin. In kin kira kin ce ga ki nan, sai in gyara falo."

Na dubi falon ta ƙofa. Sai yanzu na lura babu dardumar nan mai laushi da nake miƙe ƙafa a kai duk zuwana, babu fankar da ake juya wa yarana, sai siminti mai faci da tabarmar roba. Na dubi Khala, ta sunkuyar da kai. Ashe su ma na aro ne, ni ake shimfiɗa wa. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifina, a gaban baƙon da Umma ke jin kunya.

An mayar da gidan aji na uku. Dattijon ya rubuta cewa ɗakin hatsari ne, masu kula da waƙafin suka turo aka sake rufin, Umma ta zauna wajen Khala har aka gama. Ta yi fushi da ni na ɗan lokaci, tana cewa na tona mata asiri a gaban namiji, daga baya ta huce. Har yau tana cikin gidanta.

Abin da na koya shi ne, iyayenmu sun iya rufe wahalarsu fiye da yadda muke zato, kuma mu 'ya'yansu ne farkon waɗanda suke rufe wa. "Lafiya lau" a waya ba shaida ba ce, falon da aka gyara maka ma ba shaida ba ne. Tun daga lokacin na daina sanar da Umma cewa ina tafe. Ƙwanƙwasawa kawai nake yi, ta buɗe tana mita cewa ban da tarbiyya, ni kuma in wuce ta in shiga har ɗakin ciki kafin in zauna mu gaisa.