Shayin La'asar a Borokiri

Bayan rasuwar Baba, Inna ta fita takaba amma ta ƙi fitowa daga ɗaki. Matar da a da ake jiyo muryarta tun daga bakin layi tana ciniki da masu kifi, sai ga ta zaune a gefen gado tana kallon bango. In na zo daga Mile 3, inda nake aure, sai in tarar da tuwon jiya a rufe, ko yatsa ba a sa masa ba. Abin nan ya ci mini rai ƙwarai.

Kawu, wan Inna, mai sayar da hatsi a kasuwar Ochanja ta Anacha, ya yanke shawara cewa da an yi ƙaramar salla zai zo ya kai ta Kano wurin dangi. Ni kuwa ban so haka ba. Tun tana amarya aka kawo ta Fatakwal, a Borokiri ta haife mu duka, a nan aka binne Baba. Wa ta sani a Kano? Amma Inna ba ta musu da Kawu. Ta ce to, har ta fara cusa zannuwanta a cikin jakar gana-mas-go.

Ana cikin haka autarmu, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta zo hutu. Duk tsarabar duniya ta rasa abin da za ta ɗauko sai butar tangaran da wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna, kowanne da ɗan farantinsa. Mu da muka san shayi a babban kofin silba, madara ta yi masa kauri, a tsoma burodi da sassafe a kama gaba. Na ce mata wannan ai kurɓi biyu ne ya ƙare.

Auta ba ta kula ni ba. Ta ce a gidan tsofaffin da take aiki, ƙarfe huɗu na yi ake fito da shayi, kuma ko wanda ya wuni bai ce uffan ba sai ka ji bakinsa ya buɗe. Wai asalin abin, wata matar basarake ce can a da, yunwa ta riƙa damunta tsakanin abincin rana da na dare, domin masu hali a ƙasar sai dare ya yi suke ci. Ta sa a riƙa kawo mata shayi da ɗan burodi, daga baya ta fara kiran ƙawayenta, har ya zama lokacin da mata ke cin ado su ziyarci juna. Na ce, "Ashe dai yunwa ce da gulma. In don wannan ne ai mun riga su."

Da aka yi la'asar Auta ta zauna a gaban Inna tana yanke gefen burodi tana jera yankan kokwamba a tsakiya. Inna ta bi hannunta da kallo, can sai ta ce, "Ke, gefen fa? Wa kika bar wa? Almubazzaranci dai ba kyau." Rabon da in ji ta yi wa wani faɗa tun Baba na da rai. Na juya baya don kada ta ga hawayena.

To, gidanmu na haya ne, madafa tana can baya, duk abin da aka dafa sai ya ratsa tsakar gida. Matar mahaucin da ke ɗakin farko ta ga tire ya wuce da shayi da la'asar, washegari ma ya sake wucewa, kuma ma'aikaciyar jinya ce ke ɗauke da shi. A wurinmu wa ke shan shayi da rana in ba majinyacin da tuwo ya gagara ba? Kafin ka ce kwabo zance ya zaga unguwa cewa jikin Hajiya ya tsananta, har an kira 'yarta daga Turai.

Sai ga mata sun cika ɗaki, wannan da lemo, waccan da kunu a fulas. Tsohuwar maƙwabciyarmu mai ƙyafa kifi, 'yar asalin garin, ta shigo da farfesu tana haki tana tambayar abin da ya sami Inna da Turancin buroka, "Hajiya, wetin do you? Why you no tell person?"

"Lafiyata ƙalau," in ji Inna.

"Haka dai kuke cewa," in ji matar mahauci. "Sannu. Allah ya sa kaffara ne."

Baƙo kuwa ba ya shiga ɗakin Inna ya fita da busasshen baki. Da ta ga irin tsararon da Auta ke zuba wa mutane, kunya ta kama ta, ta miƙe ta karɓe butar, ta aika a kawo citta da kanumfari. Masu dubiya suka saki baki suna kallon majinyaciya tana ta kai da kawo. Da Auta ta warware musu zancen, aka yi dariya har da masu riƙe ciki, Inna ma ta dara.

Washegari suka dawo. "Mun zo dubiya," in ji su tun daga ƙofa, kuma sunan da ya bi abin ke nan. Auta ta koma bakin aikinta, kokwamba ta bi ta, ƙosai da dubulan da gasasshiyar agada suka maye gurbi. Hannun wasu kofunan ya karye, aka ci gaba da sha a haka. Da azumi ya zo sai aka mai da zaman bayan shan ruwa. Jakar nan dai tana bayan ƙofa a ɗaure, kullum na gan ta sai raina ya ɓaci.

Bayan salla Kawu ya iso, kuma da la'asar ya yi sallama. Ya ga takalma jibge a bakin ƙofa, ya leƙa ya ga shayi, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Subhanallahi! Tun yaushe take kwance?" Mata suka tuntsire da dariya, suka ja mayafi suka ba shi wuri.

Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi mutan gida da gajiyar hanya, ta zuba masa shayi. Sa'an nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, a yi mini afuwa, ba zan iya tafiyar nan ba. Waɗannan da ka gani, jin ba ni da lafiya suka yi suka zo. Ni na ce musu ƙalau nake, ashe su ne da gaskiya. Yanzu na fara samun sauƙi, kada a raba ni da maganina."

Kawu ya daɗe yana juya ɗan kofin a tsakanin manyan yatsunsa. Ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ƙanwarsa, ya shanye a kurɓi guda.

"To, Allah ya ƙara sauƙi," ya ce. "A ƙaro mini, amma don Allah a kofin mutane."

Inna ta juyo ta ce mini, "Jawo jakar can ki kwance. Babban kofin babanku yana ƙasan zannuwa."