Abin da Marigayi Ya Ce

Malam Gambo na 'Yankuzo mutum ne da sai ka yi masa sallama sau biyu kafin ka ji muryarsa. Amma tun da ya rasu bakinsa bai huta ba, kuma matarsa Yelwa, ƙanwar mahaifiyata, ita ce sila.

Inna Yelwa ta daɗe da gane cewa idan ta ce a gyara rumbu kafin damina, mazan gidan sai su yi kamar kaza ce ta wuce. To sai ta sake dabara. Ta kan sunkuyar da kai, ta sassauta murya, ta ce marigayi ya taɓa cewa kaza. Nan take sai ka ga ana gyaɗa kai ana yaba hangen nesansa. Da haka aka gyara rumbun, da haka aka fasa sayar da shanun huɗa. Abin yana ƙona mini rai: hankali nata, yabo na mamaci. Na yi mata ƙorafi, ta ce ita dai a yi aikin, Allah Ya yafe mata sauran.

Sai maganar injin niƙa ta taso. 'Yarta Hussaina ce ke tayar da shi tun Malam na jinya, ta san kukansa, kuma daga shi gidan ke cin abinci. Kamilu, ƙanen marigayi, ya tara 'yan'uwa a zaure ya ce bai kamata ɗiya mace ta wuni cikin baƙin mai ba. Inna ta matso bakin ƙofa za ta fara nata, sai ya riga ta. Wai shi ma marigayi ya ja shi gefe ya ce a ba Anas, ɗan shi Kamilun, injin.

Ta san ƙarya ce, don ta san yadda ake ƙera irinta. Ranar ce na fara jin ta ɗaga murya.

"Malam bai hwaɗi haka ba. Ni ka hwaɗi yanzu: a bar ma yarinyar ga injininta. Wagga magana tawa ta."

Kamilu ya yi murmushi ya ce, "To Yaya, tunda taki ta, mun jiya."

Aka shafa fatiha. Yanzu Hussaina kan ɗauko ƙwaryar dawa ta bi layi a bakin injin mahaifinta, tana jin Anas yana wahalar da shi, ba ta da damar cewa ya rage wuta.